Fukafukan da Na Ɗinka wa Mashin ɗin Babanku

Istifanus da Bitrus, wannan babin naku ne, ku nemi wuri ku zauna ku karanta shi da kyau. Rahila ma ta karanta, tunda aurenta ne ya tono maganar. Ran Lahadi bayan sujada kun zo kun tsaya a kaina kamar 'yan sanda, kuka ce Baba Ayuba, ƙanin babanku, ba zai zauna a kujerar uba ba ranar da dangin mijin Rahila za su kawo kaya. Wai gara ku ɗauko wani dattijo daga coci ya karɓi baƙi, da a ce mutumin da ya kashe mashin ɗin babanku, ya jawo masa ciwon da ya kwantar da shi, shi ne zai ba da 'yarsa. Na yi muku shiru, kuka ɗauka na yarda. To, ban yarda ba. Irin wannan shirun nawa ne ya cinye gidanmu kusan shekara ashirin. Yau zan faɗa muku abin da na sani, ko da yake, tsakanina da Allah, ni kaina har yanzu ban gama gane abin da ya faru ba.

A shekarar da aka ba babanku hedimasta a wani ƙauye can bayan duwatsu ne ya sayi jan mashin ɗin nan. Kun tuna shi. Kowace Asabar sai ya wanke shi da hannunsa, ya goge har ƙarƙashin salansa, ba ya barin kowa ya jingina da shi. Ni kaina in na ɗora ƙwaryar wanke-wanke kusa da shi sai na sha magana. Daga gidanmu a gefen Kafanchan zuwa makarantar tafiya ce mai nisa, kuma babanku mutum ne da ya fi son ya riga mai kaɗa ƙararrawa isa. Yana fita gari bai gama wayewa ba. Da sanyin ƙarshen shekara ya sauko, sai gwiwoyinsa suka fara ciwo. Da ma yana da ciwon sanyi tun yana saurayi, iskar hanya kuwa ta same shi daidai inda yake ciwo. Ya dawo gida ya kasa sauka daga kan mashin sai ya dafa kafaɗata. In dafa ruwa in gasa masa, in shafa man zafi, gobe a koma gidan jiya. Ba ya kuka da baki, kun san halinsa, amma ina jin yadda yake cije haƙora in zai durƙusa yin addu'a.

Wata ranar kasuwa na ga mashin ɗin wani ɗan kasuwa a ajiye, an sa masa wasu abubuwa na roba guda biyu a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, masu tare wa ƙafa iska. Na ajiye kwandona na zagaya shi sau uku. Dabara ce mai kyau, amma ni tela ce, shekara da shekaru ina kan keken ɗinki, abin da idona ya fara gani shi ne ƙaton gibin da aka bari a tsakiya, daidai gaban injin. Na ce a raina, kai, wannan aikin ganin ido ne. Wane tela ne zai ɗinka wa mutum rigar sanyi ya bar masa ƙirji a buɗe? Ai ta nan iskar za ta shiga ta zagayo ta sami gwiwa. Na ƙudura zan yi wa babanku wanda ya fi wannan. Na sa mai walda ya lanƙwasa mini rodi, na sayi tamfol mai kauri, na yanka tsohon bargonmu na yi masa shafi daga ciki. Allura uku na karya. Na haɗe ɓangaren dama da na hagu da ƙyalle ɗaya, na rufe tsakiyar ruf, tun daga ƙarƙashin tanki har kusa da ƙasa. Ko sauro ba zai sami hanya ba. Na ja da baya na dube shi, na ji daɗi har cikin raina.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti muka kai wa Iliya bakanike ya ɗaura. Iliya ne ke duba mashin ɗin tun yana sabo, a rumfarsa ta bakin titi. Yana cikin ɗaure kusoshi, babanku ya tsallaka titi gaida wani tsohon malaminsa. Sai Iliya ya ɗago, ya yi ƙasa da murya.

“Mama, aikinki ya yi kyau. Amma fa kin toshe masa hanci.”

“Hancin wa?” na ce.

“Injin mana. Kin ga waɗannan layi-layin a jikinsa kamar haƙarƙari? Ta nan yake shan iska ya huce. Shi ba mota ba ne da ake zuba wa ruwa. Yanzu da sanyi ba komai. Amma in zafi ya shigo, a cire, ko a yanke tsakiyan nan.”

“Iliya, kar ka raina mini hankali. Iska ce ke kashe mini miji, kai kuma ka ce iska ce maganin ƙarfe?”

“Haka Allah ya yi su, Mama. Mutum daban, inji daban.”

Na dube shi, na dubi ƙarfen. Wallahi ban gane ba. A saninmu, abin da aka rufe shi ne aka adana. Ana rufe tuwo, ana rufe jariri, ana rufe keken ɗinki kada ya yi tsatsa. Ta yaya rufi zai zama cuta? Na ɗauka surutun bakanike ne, irin wanda suke yi don a san sun iya aiki, ko kuma yana jin haushi mace ta shigo masa sana'a. Kafin in sake tambaya babanku ya dawo, ya hau, ya sa gwiwoyinsa a bayan bargon nan, fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Na ce a raina, zafi ai da sauran wata uku, in ya zo na faɗa masa.

Abin ya yi aiki, kada wani ya ce muku bai yi ba. Cikin sati biyu babanku ya daina dafa kafaɗata. Ran Lahadin godiya ta sabuwar shekara ya miƙe a gaban jama'a ya ba da shaida. Ni ina zaune cikin 'yan zumuntar mata, ban san zai yi ba. Ya ce likita ya ba shi ƙwaya ba ta yi ba, amma Ubangiji ya ba shi mace mai hikima, ta warkar da shi da allura da zare. Babanku fa, wanda tun da muka yi aure bai taɓa yabon miyata a gaban mutum ba! Mata suka rangaɗa guɗa, na rufe fuska da gyale, hawaye na zuba. Yara a hanya suka sa masa suna Malam Mai Fukafuki, yana jin daɗin sunan. Malamai uku da wani mai bishara suka zo na ɗinka musu irinsa. In kuna neman inda na fara yin laifi, to ga shi nan: yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai, na kasa komawa in ce aikin yana da aibi.

Zafi ya shigo, irin na kafin ruwan farko, wanda ko kare ba ya son fita. Babanku ya fara dawowa da rana yana ƙorafi. Mashin ba ya jan hawa kamar da. Wani wari na tashi kamar an bar tukunya a wuta. Ya ce masu sayar da fetur a galan ne ke haɗa shi da kananzir, ya canja wurin saye. Ya ce fulogi ne, ya canja fulogi. Ni kuwa ina tuna maganar Iliya, amma kaina a ɗaure yake, domin malaman nan uku sun cire nasu tun da zafi ya fara don yana dafa musu ƙafa, mai bisharar nan kuma yana ta yawo da nasa a cikin gari, mashin ɗinsa lafiya lau. To in tamfol ne ke kashe inji, me ya sa nasa bai mutu ba? Sau ɗaya na gwada. Yana cin tuwon acca, na ce:

“Baban Istifanus, tunda zafi ya zo, ko a cire fukafukan nan a ajiye?”

“A cire? Abin da matata ta ɗinka? Ke ba ki san iskar asuba ba ta san wata ba? Yana nan daram.”

“Na ce ko injin yana son iska ne.”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Saratu, yaushe kika zama injiniya? Kawo ruwa.”

Na kawo ruwa. Ban ce Iliya ne ya faɗa ba. Da na ambaci sunan Iliya da ya saurara, na san haka sarai, don yana jin maganarsa a kan mashin fiye da ta fasto.

Yanzu ga Baba Ayuba. Ku ba ku san shi yadda na san shi ba, kun tashi kun tarar da mutum mai sunkuyar da kai. Da ba haka yake ba. Shi ne ƙanin babanku uwa ɗaya uba ɗaya, babanku ne ya riƙe shi bayan rasuwar tsohonsu. Manomin citta ne, mai fara'a, ba ya shigowa gidan nan sai da tsokana. Tun daga ƙofa zai ɗaga murya, “Ina matata? Yaya ya tsufa, ki tattara kayanki mu tafi!” Ni kuma in ce, “Je ka fara sayen takalmi tukuna, miji ba takalmi.” Shi da babanku kwano ɗaya suke ci, ko sun yi faɗa da safe. Ana saura sati ɗaya Ista, a hutun makaranta, ya zo aron mashin zai kai wa surukinsa irin citta can wajen Kauru. Babanku bai taɓa ba kowa aron mashin ɗin nan ba. Amma ya miƙa masa makulli, ya ce ya tafi a hankali. Ina tsaye Ayuba ya ɗaure buhu biyu a baya. Rana ta riga ta ɗaga, ƙasa na ƙuna tun hantsi. Na dubi tamfol ɗin, na buɗe baki zan yi magana, sai Ayuba ya buga shi da tafin hannu ya ce, “Yau ni ma zan ɗanɗana gatan da kike yi wa Yaya.” Muka yi dariya, ya tafi.

Washegari da la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Mashin na kwance a baya kamar akuyar da aka yanka, Ayuba na zaune kusa da shi, leɓɓansa sun bushe. Ya ce a wani dogon hawa injin ya fara ƙara, ya yi hayaƙi, ya tsaya, bai sake tashi ba. Aka wuce da shi rumfar Iliya, dukanmu muka bi, har ku biyun, kuna 'yan samari lokacin. Iliya ya kwance tamfol ɗin ya ajiye gefe, ya buɗe injin. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce fistin ya manne, kan injin ya tsage, abin da ya rage sai dai a sayi wani injin. Babanku ya tambaye shi:

“Me ya kashe shi?”

“Zafi ne, Malam.”

“Na ji zafi ne. Me ya kawo zafin?”

Iliya ya ɗago ya dube ni. Ba zan manta da wannan kallon ba har in shiga ƙasa. Jira yake in yi magana. Ni kuwa na ga mutane sun taru, na ga matan da suka yi mini guɗa a coci biyu a cikinsu, na tuna shaidar da babanku ya bayar. Na kuma ce a raina, wa ya tabbatar ma tamfol ne? Ga buhu biyu, ga nisa, ga Ayuba da son gudu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Iliya ya goge hannu da tsumma, ya ce:

“Abubuwa da yawa suna kawo zafi, Malam. Kaya, gudu, baƙin mai, rana.”

Kaya da gudu kawai babanku ya ji. Ya juya kan ƙaninsa a bakin titi, gaban kowa. Ya ce ya riƙe shi tun yana da majina a hanci, bai taɓa riƙe abin kirki ya dawo da shi lafiya ba. Ya ce ya mayar da mashin ɗinsa jaki. Daga ƙarshe ya faɗi wadda ta fi duka, ya ce daga yau Ayuba ya nemi wani yayan. Na jira Ayuba ya yi musu, don bakinsa ba ya mutuwa. Ko uffan bai ce ba. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya juya ya tafi da ƙafa. Wannan shirun nasa ya ƙara rikita ni. Na ce to, mai gaskiya ai ba ya shiru haka, wataƙila dai shi ne. Da wannan na lallashi kaina na yi barci.

Sauran kun gani da idonku, amma ba ku san yadda yake a cikina ba. Injin bai samu ba a shekarar, ga ku biyu a makarantar kwana. Babanku ya koma kwana a ƙauyen daga Litinin zuwa Juma'a, a wani ɗakin ajiya mai yoyo, damina ta same shi a kan siminti. Ran Juma'a ya tako rabin hanya da ƙafa kafin ya sami mota. Gwiwoyin suka kumbura, ba su sake saɓewa ba, har ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Duk ranar da ciwon ya motsa sai ya ambaci Ayuba, ku kuna ji, kuna haɗiya tare da tuwo. Dattawan ikilisiya sun zaunar da su sau biyu. Aka karanta musu Littafi, suka yi musafaha, aka yi addu'a, kowa ya ce amin. Amma da na kawo abinci a kwano ɗaya, babanku ya ce a zuba wa baƙo nasa daban. Baƙo! Ayuba ya ci loma biyu ya yi godiya. Tun daga ranar bai sake kirana matata ba, sai Maman Istifanus, yana rusunawa kamar bare. Sau nawa na shirya zan faɗa! In na ga babanku cikin ciwo in ce ba yau ba. In na gan shi cikin walwala in ce kada in ɓata masa. Da shekara biyar ta wuce kuma sai kunyar shirun ta fi kunyar tamfol ɗin. Har ya rasu ban faɗa ba. Ayuba ne ya fara sa diga a kabarinsa tun da sassafe, ku kuma kuka hana shi yin magana a wurin jana'iza. Ina gani, nan ma na yi shiru.

Ran Talatar da ta bi zuwanku na hau keke-napep na tafi gidansa. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana fere citta, gashinsa fari fat. Ya tashi zai ba ni kujera. Na ce ya zauna, ba zama ya kawo ni ba. Na faɗa masa duka a tsaye, tun daga gibin da na rufe har kallon da Iliya ya yi mini. Na ce ni na kashe mashin ɗin, shi kuma ya ɗauki kayan. Na shirya ya zage ni, ko ya kore ni. Sai na ga ya saki wuƙar, bakinsa a buɗe.

“Maman Istifanus, me kike faɗa haka? Ai ni ne.”

“Kai ne me?”

“Ni na kashe shi. Da ya fara hayaƙi a hawan nan, akwai rafi a ƙasa. Na ga ƙarfe ya yi zafi kamar zai kama wuta, na tsorata. Na cire hulana na ɗebo ruwa na kwara masa, sau uku. A na ukun na ji ƙas! Wani mai wucewa ya ce, kai, ka fasa injin, ba a zuba wa ƙarfe mai zafi ruwan sanyi. Shi ya sa da Yaya yana zagina ban buɗe baki ba. Na ce gara ya tsaya a kan kaya da gudu, kada ya ji wautan da na yi.”

Sai na nemi kujerar da na ƙi. Kaina ya yi dum. Na ce masa ai da ban rufe injin ba da bai yi zafin da zai zuba masa ruwa ba. Ya ce ai da bai zuba ruwa ba da ya huce ya tashi. Muka zauna, tsofaffi biyu, muna jayayya kowa na jan laifi zuwa wajensa kamar masu rabon gado. Da abin ya ishe ni na ce ya sa takalmi mu je wurin Iliya, shi ya buɗe injin, shi zai raba mu.

Iliya ya bar aiki, idonsa ɗaya ya mutu, yana zaune a ƙofar gidansa. Ya saurare mu har muka gama, yana kaɗa kai. Ya ce tamfol ɗin na iya yi, ruwan ma na iya yi, buhu biyu a wannan hawan cikin wannan rana ma na iya yi. Sannan ya ce akwai wani abu kuma.

“Man da na juye daga injin nan ranan, bai cika kofi biyu ba, baƙi ƙirin kamar kwalta. Tun bayan Kirsimeti nake ce wa Malam ya kawo a canja, yana cewa sai an yi hutu. Malam ya iya wanke mashin, amma ba ya son a taɓa cikinsa. Kuma ya ga man da idonsa, yana tsaye a kaina na juye.”

Na ji kamar an mare ni. “Kana nufin shi ma ya sani?”

“Ban ce ya sani ba. Na ce ya gani.”

“To cikin huɗun wanne ne ya kashe shi?”

“Mama, ko a ranan ban iya rabewa ba, balle yau.”

Raina ya ɓaci, na miƙe. Na ce, “Iliya, kai da ka san duk wannan, me ya hana ka faɗa a ranar? Ka bar gida ya rabe a gabanka!”

Ya juyo da idonsa mai gani ya dube ni. “Ni bakanike ne, zan kunyata hedimasta da matarsa a bakin titi? Ke da kike cikin gidan, me ya hana ki?”

Tun daga ranar nake juya abin. Ko babanku ya yi ta ɗora wa Ayuba ne don ya kasa duban man nan da ya gani? Ko kuwa bai kawo komai a ransa ba, da gaske ya yarda ƙaninsa ne? Na zauna da mutumin nan shekara talatin da wani abu, na ɗauka na san ko tarinsa, ga shi ban san wannan ba, wanda zan tambaya kuma yana ƙasa. Kada ku ce na zo in ɓata muku uba. Mutumin kirki ne, na so shi, ina kewarsa kullum. Abin da nake gaya muku shi ne, hukuncin da kuka gada ba shi da ƙafar tsayawa. In za ku hana wanda ya kashe mashin zama a bikin Rahila, to ku fara da ni, ku sa kujerata a waje.

Da muka baro gidan Iliya, Ayuba ya raka ni bakin titi neman abin hawa. Muka tsaya a rana muna jira. Can ya share murya, bai dube ni ba, ya ce:

“Matar Yaya, in tambaye ki. Kafin ya tafi, ya taɓa kiran sunana? Ba da faɗa ba, ina nufin haka kawai.”

Ni ce a gefen gadon babanku har numfashinsa na ƙarshe. Ya kira ku ɗaya bayan ɗaya, ya kira mamarsa da ta daɗe da rasuwa, ya tambayi ko an rufe kaji. Bai kira Ayuba ba. Na dubi tsohon nan, ya riƙe hularsa da hannu biyu yana jira, sai na ji bakina ya ce:

“Ya kira. Ya ce ina Ayuba, a zuba mana abinci.”

Ya durƙusa nan a bakin titi, ya rufe fuska da hular, kafaɗunsa na girgiza. Masu wucewa suna kallonmu. Na je in wanke shiru ɗaya, na dawo da ƙarya a hannu, kuma ban san ko zunubi na ƙara ko rage shi na yi ba. Na kai wa Ubangiji, shi ya san yadda zai auna. Ku dai wannan ɗayar ku riƙe mini ita, kada ta fita daga bakinku. Ran Asabar ku biyu ku sa rigunanku na kirki, ku je gidansa da ƙafarku, ku durƙusa ku ce, Baba, 'yarka za ta yi aure, ka zo ka ba da ita. Kada ku aika, kada ku buga waya. In ya kawo muku abinci, ku sa hannu a kwanonsa.